Waya Shida a Ƙirjin Dogo

"Ban da wannan. A kira wata."

Umman Dogo ce ta faɗa, ta tare bakin gadon da jikinta.

Ni kuwa na ƙame riƙe da wayoyin na'urar auna bugun zuciya. Dogo na kwance yana haɗa gumi, hannunsa dafe da ƙirji. Daga shagon kafintarsa aka kwaso shi, garin katako duk a gashinsa.

Rabona da shi tun ranar da abokiyar ɗakina, wadda ta daɗe tana sonsa, ta ɗauke ni hoto ina koyon maƙala wayoyin nan a ƙirjin wani ɗan ajinmu. Ta tura wa Umma. Umma ta rantse ɗanta ba zai auri mai shafa maza ba. Aka fasa sa rana.

"Babu wata," in ji Sista. "Duk suna wajen masu hatsari. Ɗaliba, matso."

"Umma…" Muryarsa da ƙyar take fita. "Ki bar ta."

Na fara da hannuwa da ƙafafu, waɗannan huɗun ba wuya. Saura shida na ƙirji, inda na faɗi a jarrabawa. Na ɓalle masa riga. Na lalubi ƙashin tsakiya, na bi haƙarƙarinsa ina ƙirgawa, na manna ta farko.

"Kin yi sama," Sista ta ce. "Ƙasan haƙarƙari na huɗu. In kika kuskure, takarda za ta yi mana ƙarya, likita ya bi ƙaryar."

Hawaye ya rufe min ido. Ban ga komai ba sai fatarsa da ta yi sanyi.

"Nas ɗina," ya ce a hankali, "ba ki taɓa min ƙarya ba. Sake ƙirgawa."

Na share fuska da kafaɗa. Na sake bi. Ta farko dama, ta biyu hagu, na gangara da sauran har gefen hammatarsa.

"Kar ka motsa, don Allah. Kar ka tafi ka bar ni…"

Takarda ta fito. Likita na dubawa ya ɗaga murya a kawo allura, zuciyar na gudu fiye da kima. Aka tura gadon ciki, ƙofa ta rufe.

A baranda na zauna a ƙasa. Ban san tsawon zaman da na yi ba, sai na ga takalmin Umma a gabana.

"Haka kuke wa duk marasa lafiya?"

"Haka ne, Umma."

Ta durƙusa da ƙyar, ta gyara min hular da ta karkace.

"Ya farfaɗo. Na ba shi ruwa ya ƙi, wai sai daga hannunki. Tashi, 'yata, gwiwoyina ba za su ɗaga mu biyu ba."