Ƙirjin da Lado Ya Yanka

Ke Mubina, ina ruwanki da tarin kawunku Lado? Yara sai tambayar tsiya. To ku zauna, sau ɗaya zan faɗa.

Shekarar da soja suka sauka daga mulki Lado ya kafa rumfarsa a Agege, bakin titin jirgi, yana rubuta allunan shaguna. Da hannunsa ya faɗa, sai ya shiga buga rubutu a riguna. A lokacin tsohuwar ledar hoton ƙashi ta asibiti ake saye a ɗaure, a huda baƙaƙe da reza, a ɗora kan riga a shafa fenti.

Ya zaro wata, hoton ƙirjin mutum, haƙarƙari reras. Bai ko yi bisimilla ba ya yanka. Rigar gwaji ya ba matarsa Furera. Kwana uku ta fara tari, ran na bakwai da jini.

Ran nan da magariba yana haɗa gwangwanayen fenti. Ƙarar motocin danfo ta ɗauke ɗif. Warin kananzir ya gushe, warin asibiti ya cika rumfar.

Sai numfashi a bayansa, fiii, fiii, kamar tayar da ƙusa ta huda.

"Mai fenti," in ji wata murya ƙasa-ƙasa. "Iska na shiga."

Dogon mutum ne, ramamme. Ya buɗe rigarsa. Ga rubutun Lado a ƙirjinsa, huje, hasken fitila na ratsawa ta baya.

"Mayar min. In ba haka ba, na matarka zan ɗauka."

Lado ya zube kan shara yana lalube. Ɗaya bayan ɗaya yake tsinto guntayen da ya cire, yana manna su a ledar da gam. Duk wanda ya manna, fiton ya ragu.

Ya zazzage kwandon sharar kaf.

"Saura ɗaya."

Bai fi farce ba. Babu shi.

"Ɗauki a nawa," in ji Lado.

Yatsa mai sanyi ya taɓa shi nan, ƙarƙashin nono na hagu.

Da asuba Furera ta tashi garau har da surfe. Shi kuwa tun ranar kwali yake yankawa, kuma magariba ba ta taɓa yi bai yi tarin nan ba.

Kun ji. Ku tashi ku kwanta, kuma kada wadda ta je ta zura masa ido gobe.