Muryar Kaka a Ɗaki na Biyu

A garin Diffa akwai wata yarinya ƴar aji biyu a kolej. Yarinya ce mai hankali, sai dai akwai ta da mafarkin ido biyu. Ka aike ta sayo gishiri, ka tarar da ita a bakin hanya tana ƙirga gajimare. Innarta har ta gaji da kira.

A makarantarsu akwai tsohuwar kwamfuta guda ɗaya. Idan an kunna ta, sai sunaye biyu su fito a allo, Windows da Linux, tana jiran ka zaɓi ɗaya. Malaminsu, Mushe Ajimi, ya ce kwamfuta ce mai ɗaki biyu, kuma ɗaya ake shiga a lokaci guda. Ita kuwa yarinya gani take gaɓa biyu ne na kogin Komadugu, tana tsakiya cikin kwalekwale, ruwa yana lilo da ita.

A ɗaki na biyu, wato Linux, akwai muryar kakarta Aisa. Bara wata malama ta naɗi tsofaffi suna ba da labarin kogi, ta ajiye a ciki. Daga baya aka mayar da malamar Damagaram. Da damina kuma Allah ya yi wa Kaka rasuwa. Babu inda muryarta ta rage sai nan.

Matsalar ita ce, kwamfutar ta daina fitar da sauti. Yarinya takan buɗe labarin ta zauna tana kallon ɗan layi yana tafiya a allo, shiru. Kewar Kaka ta ishe ta.

A kusurwar ajin akwai wata matacciyar kwamfuta. Yarinya ta taɓa ganin mai gyara ya buɗe ta, ya nuna musu wani koren kati ya ce shi ne mai fitar da sauti. Ranar Laraba, lokacin hutun tara, kowa ya fita. Mutuniyar taku ta zare waya daga bango, ta kwance notuna, ta ciro katin. Ta buɗe kwamfuta mai rai, ta ga gurbi uku babu komai, ta cusa shi a na farko. Ta rufe tsaf, ba ta faɗa wa kowa ba.

Da aka dawo aji, Mushe Ajimi ya kunna. Ya zaɓi Windows. Aka jira, aka jira. Wani yaro mai suna Bilal har ya yi gyangyaɗi. Sai bayan minti goma ta buɗe, tana jan ƙafa. Ya gwada Linux, shi kuwa ya tsaya cak a rabin hanya, da fararen rubutu a baƙin allo.

Kwana biyu Mushe yana fama. Ya share ƙura, ya sauya waya, ya cire wasu manhajoji. Babu canji. Ranar Juma'a ya ce ya gaji, yana zaton ɗaki na biyu ne ya lalace. Ran Litinin zai goge shi gaba ɗaya, a bar Windows kaɗai.

Nan take yarinya ta miƙe. Ta ɗaga hannu ta ce muryar kakarta tana ciki.

"Ayya, ƴata," in ji Mushe. "Da ɗakin yana buɗuwa da na kwashe miki. Sai dai in mun gano abin da ya hana shi. Ko akwai wanda ya taɓa kwamfutar nan?"

Yarinya ta kalli yatsun ƙafarta. Kunya da tsoro suka hana ta faɗin gaskiya.

Ranar Asabar ta bi babanta lambun tattasai a bakin Komadugu. Kogin ya cika, balbelu suna sauka a kan ciyawa. Ta zauna a gindin tsamiya ta lumshe ido. Sai ta ga Kaka a gaɓar can, da farin mayafi, tana magana tana murmushi. Bakinta yana motsi, amma sauti ba ya ƙetare ruwa. Kwalekwalen da take ciki ma ya ƙi matsawa. Yarinya ta buɗe ido da hawaye.

Babanta yana tsaye a kan fangali yana jiran ruwa. Inji yana ta ƙara tun ɗazu, amma ruwan da ke isowa kaɗan ne. Ta tambaye shi ko injin ne ya mutu.

"Jiya lafiya lau ya yi aiki," in ji shi. "Kafin in zargi inji, sai in duba abin da ya canja tsakanin jiya da yau."

Suka bi hanyar ruwa a hankali. Ba su yi nisa ba maƙwabcinsu Ɗanbaba ya taho da fartanya a kafaɗa. Ya ce a gafarce shi, shi ne ya fasa sabuwar hanya zuwa tumatirinsa, ya manta bai faɗa ba. Baba ya yi dariya. Suka toshe, suka shirya wanda zai sha da safe da wanda zai sha da yamma. Nan take ruwa ya gangara cikin tattasai.

Yarinya ta tsaya tana kallo. Magana ɗaya Ɗanbaba ya yi, aiki ya ƙare. A hanyar gida ta faɗa wa babanta komai. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce kawai ba shi ne ya kamata ya fara ji ba.

Ran Litinin ta riga kowa zuwa makaranta. Ta tarar da Mushe Ajimi zaune, ya riga ya saka faifan gogewa.

"Mushe, kada ka goge. Ni ce na buɗe ta. Na saka mata katin sauti na waccan."

Mushe ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta. Ransa ya ɓaci, kuma ya faɗa mata hakan. Kwana biyu ya yi yana neman ciwo inda babu shi, saura kaɗan ya goge muryar tsofaffi goma sha ɗaya. Sannan ya ce ta kawo turnabis, a kwance notunan.

Da ƴan aji suka taru, ya yi musu bayani. Ya ce kowace na'ura a cikin kwamfuta tana da layin da take kiran ƙwaƙwalwar kwamfutar da shi, kamar igiyar ƙararrawa. Sunan layin IRQ. Gurbin da yarinya ta zaɓa igiyarsa ɗaya da katin intanet, layi na goma sha ɗaya. Sababbin na'urori sun iya raba igiya ɗaya lafiya. Wannan tsohon katin kuwa bai iya ba, sai ya yi ta ja. Windows ya yi ta tambayar wa ke kira, shi ya sa ya daɗe. Linux kuma ya rikice ya tsaya.

"To a goge katin ne?" in ji Bilal. Aka yi dariya.

Mushe ya zare waya daga bango. Ya sa yarinya ta ciro katin da hannunta, ta mayar da shi gurbi na uku, mai layin kansa. Aka rufe, aka kunna.

Sunaye biyu suka fito. Ta zaɓi na biyu. Kafin ta ƙirga arba'in, ɗakin ya buɗe. Mushe ya haɗa lasifika, ya ce ta danna.

Aka ji ɗan tari, sai kukan akuya daga nesa. Sannan murya ta fito a hankali: "Lokacin da nake yarinya a Toumour, idan ruwan Komadugu zai iso, mukan ji ƙamshinsa tun kafin mu gan shi. Jikata, matso kusa ki ji."

Yarinya ta matsa kusa. Ajin ya yi tsit, har Bilal bai motsa ba.

Mushe ya kwashe mata muryar a ƙaramin katin waya ta kai gida. Hukuncinta kuwa shi ne riƙe wani littafi. Duk wanda ya canja wani abu a kwamfutar, sai ta rubuta sunansa da abin da ya yi. A shafin farko ta fara da nata sunan.

Daga ranar ta koyi darasi. Kada ka taɓa abin jama'a sai ka tambaya. In kuma ka yi kuskure, faɗi da wuri, domin gaskiya ce ke sa gyara ya yi sauƙi.

Da yamma Inna ta aike ta sayo gishiri, ta dawo da wuri, don suna da baƙuwa a gida. Kowa ya hau tabarma, aka kunna wayar Baba, Kaka ta ci gaba da labarinta.