Ina Inuwa?

"Inuwa, ka kashe ni! Mi ya kai ka sa hannu?"

Na riƙe bakin rigarsa a bayan gidanmu. Shi da sauran malaman lakwal, wato makarantar boko, ne suka aika wa gwamnatin soja koke har Kutonu, wai a gyara mulki, a bar jama'a su zaɓi shugabanninsu. Audi kuwa, wanda na ƙi tayinsa, ya kai sunansa wurin jandarma, har da cewa gidanmu yake zuwa zance.

"Barakatu, sanyin idona... in mu da munka yi karatu munka yi shiru, wa za ya magana?"

Sai ƙarar mota a ƙofar gida!

Na leƙa ta katanga. Ga jandarma, ga Baba zaune kan buhun albasa. Baban da ya rantse ba zai ba ɗan neman fitina 'yarsa ba, kuma ya ga shigowar Inuwa da idonsa.

Na ce shi ke nan, tamu ta ƙare.

Jandarman mutanen kudu ne, Hausarsu ba ta wuce ta cefane ba. Babbansu ya daka tsawa:

"Inuwa! Ina Inuwa?"

Baba ya miƙe a natse.

"Inuwa? Wayyo, bayin Allah, rana ta gasa ku! Ga ta can gindin mangwaro."

"A'a! Inuwa!"

"Ita hwa! Duk Malanville babu mai sanyinta. Ku kawo tabarma! A damo hura!"

Suna nanatawa, yana ƙara tura su gindin bishiya. Kafin su samo tafinta, na bi da Inuwa ta gonakin shinkafa, wani masunci ya haye kogi da shi zuwa Gaya ta Nijar.

Watannin da suka biyo baya na sha kuka, na rame kamar tsinke. Sai ga rediyo ta ce gwamnati ta yafe wa waɗanda suka gudu, za a yi babban taron ƙasa.

Ranar da Inuwa ya dawo, ya durƙusa gaban Baba yana godiya, ni ina laɓe a zaure.

Baba ya harare shi.

"Riƙe godiyakka. Kai da ka iya kai koke har Kutonu, ka kasa turo magabatanka ƙohwar gidana? Ɗiyata ta kusa ƙarewa!"

Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba.