Kangon Latifu

Latifu mai gyaran salula, wanda rumfarsa ke bakin hanyar duwan, wato ofishin kwastan, a Malanville, ya sha faɗi gaban jama'a cewa shi sarki ne. Mutum ɗari uku, in ji shi, ke kwana su tashi ƙarƙashin ikonsa, kuma tun ran da ya kafa garinsa ko mutum guda bai taɓa yin ƙaura ba. Abokan hirarsa a teburin mai shayi sukan gyaɗa kai, don yawanci shi ke sayen sukari.

Garin nan yana cikin wata baƙar kwamfuta da ke gurnani a ɗakin zauren gidansa. Wasa ne na intanet, irin wanda kamfanin Turawa ke sayarwa. Latifu ya samo kwafinsa, ya ɗora a injinsa, abin da samari ke kira sarwar, ya raɗa masa suna Tsibiri. Kana shiga da salularka sai a ba ka jiki, ka kama kifi, ka gina gida, ka haɗu da abokai ku yaƙi dodanni. Shekarar farko maganarsa gaskiya ce. Samarin Gaya, da na Garou, har da na Kamba, sun cika Tsibiri da hayaniya.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗinsa a teburin mai shayi. Mutane sunka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya. Da ya ga dandalin garin ya fara zama fayau, sai ya ƙera gumaka, jikuna babu kowa a ciki, ya tsaitsayar da su a kasuwar wasan don baƙo ya ga cika. Ya raɗa musu sunaye har sunaye sunka ƙare masa, ya koma maimaitawa da lamba. Haka Tsibiri ya zama kango mai kama da gari. Kowa kuwa ya san su wa ke zama a kango in mutane sun tashi.

Wata Laraba dabara ta zo masa. Zai share garin ƙaf, ya yi shelar sabon Tsibiri, kowa ya faro daga tushe, wataƙila mutane su dawo su sake sayen kaya. Rana ta yi ja bisa kogi, shanu na komowa daga fadama, ladan yana gyaran murya. A daidai wannan lokaci, da ko ruwan zafi mace mai hankali ba ta zubarwa a tsakar gida sai ta yi bisimilla, Latifu ya danna yatsa guda. Gidaje da rumbuna da gumaka ɗari uku sunka ɓace.

Matarsa Hasiya tana kwashe tuwo sa'ad da dutsen farko ya faɗo bisa kwanon ɗaki. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo cikin tukunyar miya, bai fantsalar da ko ɗigo ba. Ta tsamo shi da ludayi, ta ga tsakuwar kogi ce mai santsi, da sanyi kamar yanzu anka ciro ta daga ruwa. Iska ta tsaya. Kaji sunka yi tsit a akurki. Daga ɗakin zaure, inda kwamfuta ke kashe, sai ga sautin kasuwa can ƙasa-ƙasa, mutane da yawa suna magana lokaci guda, ba a fahimtar ko kalma.

Washegari ma haka, da ranar da ta biyo. Kullum da jan rana duwatsu su fara, su tsaya in an idar da sallar isha'i. Latifu ya ce wa matarsa 'yan baƙin ciki ne, zai kai ƙara jandarma. Bai kai ba.

Ran kwana na huɗu, 'yarsu Samiha, mai shekara goma sha biyar, ta dawo daga lakwal, makarantar boko, ta ajiye jakarta, ta je tsakiyar gida ta tsaya. Hannuwanta a sake, idonta a buɗe ba ƙiftawa. Takan yi taku uku, ta juya, ta yi taku uku, ta koma inda ta faro. Hasiya ta kira ta, ta girgiza ta, ta yayyafa mata ruwa, yarinya ba ta ko kalle ta ba. Latifu na leƙowa daga zaure ya gane, don shi kaɗai ya san wannan tafiya. Shi ya koya wa gumakansa ita.

Kwana biyu Samiha ba ta ci ba, ba ta zauna ba, ƙafafunta sunka kumbura. Hasiya ba ta nemi shawarar kowa ba, ta hau kabu-kabu zuwa Madécali, ta ɗauko Malam Na-Allah, tsoho siriri wanda ko salula ba ya riƙewa. Da Latifu ya fara yi masa bayanin intanet, sai Malam ya ɗaga hannu. Ya ce shi tambaya uku gare shi: wurin nan ana gina gida a cikinsa? An ce eh. Mutane sun taɓa zama sun tashi? Latifu ya ce ai ba wanda ya tashi. Malam ya dube shi, ya wuce ta uku: da zai rushe, ya yi sallama? Ya tsaya bakin wurin kwana uku yana cewa masu wuri a gafara, kamar yadda ake yi in za a sare tsamiya?

Latifu ya ce ai kayansa ne.

Bayan la'asar Malam ya sa anka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zuba turare a kasko, ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe. Inuwa ta miƙe har ta rufe bakin rijiya, hayaƙi yana tashi sambal ba ya karkata. Sa'ad da rana ta taɓa kan katanga, Samiha ta daina taku. Ta zauna da ƙarfi, ta tanƙwashe ƙafa zaman maza, ta buɗe baki, murya ta fito mai kauri da tsufa, kamar daga ƙasan randa.

"Ya isa, Malam. Ka ƙona mini kunne."

Malam ya tambayi sunansa. Muryar ta ce sunansa na gaske ba na kunnen bil'adama ba ne, amma a garin wancan mutum, Latifu, ana ce masa Awal Goma Sha Bakwai, don jikin da ya tarar ke nan babu mai shi. Ya ce su mutanen gindin gada ne, manyan motoci sunka hana su barci, sunka ji labarin kango mai shiru da gidaje ginannu, sunka ƙaura da iyali. Wata goma sha huɗu suna zaune lafiya. Ya cika rumbu, ya aurar da ɗiya. Sai ran Laraba da magariba, yara na wasa a waje, ƙasa ta tashi daga ƙarƙashin ƙafarsu. Ƙaramin jikansa har yanzu bai taka ba.

"Ya rushe mini gida," in ji muryar, "na shiga nashi. Nan zan zauna har ƙafafunta su yi awa na jikana."

Hasiya ta rufe baki da gyale. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce an yi musu laifi, ba musu, amma yarinya mi ta yi? Muryar ta ce yarinya ba ta yi kome ba sai alheri. Takan shigo da salular uwarta, ta bi gumaka tana musu sallama, har wata rana ya kasa daurewa ya amsa. Ƙofar da ya sani ke nan, shi ya sa ya biyo ta.

Malam ya juya ga Latifu ya tambaya ko garin na ginuwa. Latifu ya ce akwai kwafin tsohon a ajiye, cikin awa guda zai tashe shi, kowa ya koma ɗakinsa. Muryar ta yi dariya har kasko ya girgiza. Ta ce su koma ƙarƙashin sarkin da ke kifar da gari in aljihunsa ya yi sanyi? Sai dai a sauke shi. A kawo mutum guda daga cikin jama'arsa, ɗan Adam mai jini, a damƙa masa makullin gari, sannan zai fita.

Malam ya ce ai wannan mai sauƙi ne, tunda har Madécali an ji labarin mutum ɗari uku. Ya ce Latifu ya faɗi suna guda daga cikinsu.

Latifu ya ce Sumaila na Garou, mai albasa.

Muryar ta ce Sumaila ya yi wata takwas yana ƙera takobi, yana shiga bayan ya taso daga ban ruwa. Ranar da ya gama, Latifu ya sayar wa Khalidu ɗan mai tireloli wanda ya fi shi sau goma, Khalidu ya kashe Sumaila a bakin ƙofarsa sau shida a yini guda. Da Sumaila ya yi magana a dandali, Latifu ya kore shi, ya goge maganar. Mutum arba'in sunka bi bayansa.

Latifu ya ce to Khalidun.

Muryar ta ce Khalidu ya tashi da ya rasa wanda zai kashe, don mai takobin saye ba ya zama inda babu talaka.

Latifu ya ambaci Ɗan'iya, ɗan wansa. Muryar ta ce wanda ya naɗa dogari? Wanda ke shiga rumbunan mutane ya kwashe, ya ba 'yan matan Gaya? Mutanen Gaya da Kamba saboda shi sunka tashi, shi ma ya bi 'yan matan. Saura kuma sun gaji da dodo guda shekara biyu ana cewa sabo na tafe wata mai zuwa. Ga kuran, wutar lantarki, in ya ɗauke, aikin sati ya ɓace, sarki ya ce laifin rezonsu ne, wato layin salularsu. Baƙon da ya shigo kuwa yakan gai da mutum ashirin a kasuwa, ba mai amsawa, ya fita bai komo ba.

Latifu ya riƙa jero sunaye, muryar na faɗa masa ranar da kowane ya tashi da dalili, ba gaggawa, kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa. Maƙwabta da sunka taru bakin zaure, cikinsu har da masu shan sukarinsa, sunka sunkuyar da kai. Da sunaye sunka ƙare, Malam ya tambaya a hankali, to mutum nawa sunka rage?

"Guda," in ji muryar. "Ga ta kana kallo."

Malam ya ce to an samu sarki. Muryar ta yi gardama, ta ce a ƙara mata baƙin bunsuru da ƙafar Latifu ta hagu. Malam ya ce bunsuru ba ya yanka wa kowa sai Allah, ƙafa kuma ba tasa ba ce balle ya bayar, ya ɗauko karatu daga inda ya tsaya. Aya uku ya ja muryar ta ce a bari, ta yarda. Amma da sharaɗi: makulli ya bar hannun Latifu duka. In ya rage ko ɗaya a ɓoye, za su sani ran da ya taɓa shi, kuma wannan karo ba dutse za su jeho ba, ba kuma za su fita daga yarinyar ba ko an karanta musu izu sittin.

Anka kunna kwamfuta. Latifu ya tashi tsohon gari. Ya rubuta kalmar sirrinsa a takarda, ya ɗora a tafin Samiha. Malam ya tambaye shi, gaban Allah da jama'a, ko wannan ne kaɗai. Latifu ya dafa ƙirji ya ce shi ke nan, ba wani.

Samiha ta yi atishawa sau uku, ta kife a cinyar uwarta. Hayaƙin kasko ya karkata ya bi ta ƙofar zaure. Can nesa ladan ya ɗaga murya, kaji sunka motsa a akurki. Yarinya ta buɗe ido ta ce, da muryarta ta kullum, "Inna, ƙafata na ciwo. Akwai tuwo?"

Mutane sunka yi hamdala, sunka fara neman takalma. Latifu ya share gumi, ƙarfinsa ya fara dawowa, har ya soma gaya wa na kusa da shi cewa da ma ya daɗe yana son ya huta da mulki.

Hasiya ba ta tashi ba. Tana shafa kan 'yarta, idonta na kan mijinta. Ba ta san kwamfuta ba, ko kunna ta ba ta iya ba.

"Baban Samiha," ta ce, "shekara goma sha bakwai nike wanke maka tufafi. Makullin rumfa biyu gare ka. Na babur biyu. Akwatina da na zo da shi daga gidanmu, ka yanka mishi na biyu, kana zaton ban sani ba. Yau ne za ka ce mini gari guda ka yi ma makulli ɗaya?"

Latifu ya buɗe baki zai rantse. Daga kan kwano wata 'yar tsakuwa ta gangaro a hankali, tana ƙwanƙwasa kowane tudu, ta faɗo tsakanin ƙafafunsa.

Malam Na-Allah, da ya riga ya sa takalmi ɗaya, ya cire shi ya koma ya zauna, ya miƙa masa alƙalami.

"Takardar ta ishe ka," ya ce, "ko a ƙaro wata?"