Sassaƙe Biyu a Tukunya Ɗaya

Sufeto bai gama cire takalmi ba Kofur ya leƙo ofis.

"Yallaɓai, daga asibiti ne. An kai wani tsoho yana amai, ya cika. Likita ya ce guba ce."

Sufeto ya dubi shayinsa da ya huce, ya mayar da ƙafa cikin takalmin. Ritaya ta kusa, amma aiki ya ƙi sani.

Ɗakin tsohon yana bayan wani shagon kafinta. Katifa mai leda, keken guragu, bokiti, warin fitsari da sabulu. Ya yi shekaru kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ɗansa, mai shagon, yana tsaye a bakin ƙofa.

"Me ya sha ƙarshe?"

"Jiƙon madaci, Yallaɓai. Kullum yana sha saboda ciki."

"A ina kake samo sassaƙen?"

"Wurin mai magani a kasuwa."

"Ina tukunyar?"

Matar kafintan ce ta amsa daga tsakar gida. "Ta fashe, na zubar."

Kofur ya zaga bayan gida, ya dawo da tukunya daga bola. Ko tsagewa ba ta yi ba, sassaƙe na manne a gindinta.

A kasuwa, mai magani ya rantse bai taɓa ganin kafintan ba.

"Malam, bayana ciwo yake," in ji Sufeto. "Kada ka sa mu tafi ofis."

"To, na san shi. Amma wallahi ya daɗe da daina saye. Cewa ya yi zai riƙa sarowa da kansa a bakin rafi."

A ofishin gandun daji, wata jami'a mai tabarau ta baje sassaƙen a kan jarida, ta raba shi kashi biyu.

"Daga ciki duk ja ne, shi ya sa ake ruɗewa. Juya bayan. Wannan toka-toka, mai ɓamɓarewa, madaci ne. Wannan mai duhu da kaushi, ina zargin gwaska ce. Kaɗan daga cikinta ya isa ya tsayar da zuciya."

"Zargi, Malama? Alƙali ba ya cin zargi."

"Ni ma ba na rantsuwa a kan ɓawo kaɗai. Nuna mini ganye da 'ya'ya, in sa maka hannu."

Suka biya ta gidan kafintan tare da ita. Sufeto ya sami matar ita kaɗai a madafa.

"Tukunya lafiyayya, me ya kai ta bola?"

Ta kama murza bakin zane.

"In ke kika dafa, ke zan tafi da."

"Maigida ne ya dafa," ta ce. "Bai taɓa dafawa ba sai jiya. Ya ce kada yara su kusanci murhun. Da Baba ya sha, ya ce in jefar da tukunyar da kofin."

Kafintan bai yi gardama ba da aka ce ya nuna inda ya yi sara. Suka ajiye mota, suka gangara rafi a ƙasa, rana na dukansu. Suka wuce manyan itatuwa, jami'ar na ɗaga kai tana duban kowanne. Can ƙasa kafintan ya tsaya gaban wata bishiya mai sabon sara a jiki.

Jami'ar ta tsinci wani abu a ƙasa, ta karyo reshe.

"Ɗan madaci dunƙulalle ne kamar ƙwallo, yana tsagewa gida huɗu. Wannan kwanso ne mai faɗi, kamar na wake. Ganyen madaci jere yake a kara ɗaya, wannan kuwa sai karan ya sake rabuwa. Gwaska ce. Waɗanda muka wuto su ne madaci."

"Kuskure ne, Yallaɓai," in ji kafintan.

Sufeto ya zauna a kan saiwa, ya miƙe ƙafa.

"Da katakon madaci kake cin abinci. Ka wuce su, ka zo nan. Mai kuskure ba ya korar yara daga murhu."

Kafintan ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya durƙusa.

"Ni nake ɗaga shi, ni nake wanke shi. 'Yan'uwana sai dai waya. In na juya shi ya zage ni, in na bar shi ya yi kuka. Ƙwanƙwasa bango yake da sanda har gari ya waye. Ban ƙi shi ba, Yallaɓai. Ubana ne. Gajiya na yi."

"Tsohon ya sani?"

"Ya ce yau jiƙon bai kai ɗacin kullum ba. Ya sa mini albarka."

Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya nuna masa ya sa ta gaba, ba ta baya ba.

Suka hau gangaren a hankali, jami'ar na riƙe da reshen a matsayin shaida. Aka sa kafintan a bayan mota. Kafin su kai bakin titi, ya jingina kai da gilashi, barci ya ɗauke shi.

"Yallaɓai, in tashe shi?" in ji Kofur, yana tuƙi.

"Ƙyale shi," in ji Sufeto. "Bi a hankali."