Mazubin da Ban Fasa Ba

Kifi da soyayyen dankali na tsaya saya, shi ke nan. Ina dawowa daga gai da ƙanwata a Leeds ta Ingila, bas ta ajiye ni a wani garin da ban sani ba, aka ce ta gaba sai bayan minti arba'in. Watan Nuwamba ne, ƙarfe huɗu da rabi gari har ya fara duhu. Na ɗauki ƙunshina na zaga bayan kantuna ina neman benci.

A nan na gan ta, tsakanin motoci da kwandon shara.

Tagulla ce mai tsayin mutum biyu, ba siffar mutum ba, ba ta dabba ba, ta lanƙwasa, da ƙaton huji a ƙirjinta. Mutane kan wuce irinta suna taɓe baki. Ni na kasa wucewa. Shekara ashirin da biyu na yi ina yi wa Madam Enid Carrow mai sassaƙa aiki, kuma wannan hujin da hannuna na goge shi.

Amma guda ɗaya tak aka zuba. Tana can bakin tekun garinmu, daidai inda Hazel, 'yar Madam, ta shiga ruwa ba ta fito ba. In ka leƙa ta hujin, wurin kake gani. Ranar da Madam za ta cika, ta riƙe wuyan hannuna, ta sa na rantse zan fasa mazubin don kada a sake zuba wata. Na rantse. Sai dai hannuna ya kasa ɗaga guduma a kan aikinta. Na kai mazubin wurin Desmond, mai maƙerar da ke yi mana zubi, abokina tun muna 'yan makaranta, wanda ya tsaya mini ranar aurena. Ya dafa kafaɗata ya ce in je in huta, shi zai fasa. Washegari ya kawo mini ɓaraguzai a buhu. Na yi kuka, ya saya mini giya, ni kuwa wawa har godiya na yi masa.

Na matsa kusa. A gindinta an buga lamba: ta huɗu cikin bakwai.

Fitilun titi suka kama, ta kusa da ita ta ƙi. Ƙarar motoci ta ja da baya. Ƙamshin kifi ya ɓace daga hancina, sai warin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, da alewar na'a-na'ar da Madam ba ta rabuwa da ita.

Daga cikin tagullar na ji magagari yana cin ƙarfe. Ƙarat, ƙarat, ƙarat. A tsaya, a hure ƙura. Mutum ɗaya na sani mai guga haka.

Na dafa bakin hujin na leƙa. Bangon kanti ne, da tallan takalma.

"Alwyn."

Sunana, a hankali, daf da kunnena, da muryar Madam.

"Na leƙa ta kowacce. Babu teku. Ina ka kai mini Hazel?"

Yatsu suka kama wuyan hannuna. Sanyi ƙalau, da kaushin farar ƙasa.

"Ba ni ba ne, Madam."

"Kai ka rantse."

Aka ja. Gwiwar hannuna ta shige. Kafaɗata ta shige. Kuncina ya manne da ƙarfe.

Hujin yana tsukewa.

Na ji ƙashina yana ƙara.

Na saki jiki, na sulale daga cikin kwat ɗina, na faɗi a kan kwalta. Da rarrafe na fara, sannan gudu. Na juya sau ɗaya. Kwat ɗin yana shigewa cikin hujin kaɗan-kaɗan, kuma bai fito ta baya ba.

Da safe na kira Desmond. Ya fara rantse-rantse, na faɗa masa lambar da na gani. Sai ya ce ɓaraguzan na wani tsohon mazubi ne, sauran tagullun kuma ɗaya tana ƙofar wani banki a Landan, biyu sun haye teku, ragowar bai tuna ba.

"Haba tsoho," in ji shi. "Uwa ta mutu, 'ya ta mutu, wa aka cuta? Tun uwar tana kwance na samu masu saye. Na san ba za ka iya ba. Na san ni za ka kawo wa."

Shekara sittin muna tare. Tausayina ya sani, shi ya yi wa kuɗi. Wannan ya fi yatsun nan yi mini ciwo.

Wuyan hannuna bai ƙara ɗumi ba, ko na kara shi a wuta. Ban ƙara iya sauka bakin teku ba. Kullum rana ta faɗi sai in ji magagari a bangon ɗakina, guga uku, a tsaya, a kira sunana.

Desmond kuwa, matarsa ta ce barcinsa yake sha har da minshari. Shi bai rantse wa kowa ba.