Wayar Kwalekwalen Kawu Barau

Ku matso nan, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce. Kawu Barau ne ya faɗa mini da bakinsa, shekarar da na je hutu wajensu a Yawuri.

Kun san shi masunci ne. A lokacin ya sayo batir da ƙwan fitila biyu zai sa wa kwalekwalensa. Aka ce ya kira mai gyaran wuta. Ya ce waya biyu ce kawai, ja da baƙa, da hannunsa zai yi. Ran Alhamis ya shimfiɗa wayar a ƙasan jirgin, inda ruwa ke kwanciya. Ya murɗa bakunanta, ko salatif bai naɗa ba. Ya gwada, fitila ta kama. Ya ce sai gobe ya ƙarasa.

Washegari Juma'a, rana tsaka, kowa ya tafi masallaci. Shi ya ce bari ya buga ƙusa biyu tukuna. Ya kafa turke ya ɗaure jirgin a wani lungu bayan tashar jirage, inda ciyawa ta rufe gaɓa. Ba kowa. Ko tsuntsu ba ya kuka.

Yana duƙe yana neman filaya sai ya ji sallama a bayansa.

Wani dattijo ne zaune a gindin jirgin. Ƙaramin kwalekwale ne fa, ko kaza ta hau sai ya girgiza. Wannan bai motsa ba.

"Sannu da aiki, jikan Ilu," in ji dattijon.

Kakan nan nasa Ilu ya rasu tun ba a haifi Kawu ba. Muryar kuma ba daga bakin mutumin take fitowa ba. Daga ƙarƙashin katako take tasowa, kamar mai magana cikin randa.

Kawu ya ce, "Yauwa, Baba. Daga ina?"

"Daga nan ƙasa."

Kawu ya saci kallon ƙafafunsa. Rigarsa a bushe take ƙarau, amma ruwa na tsattsafowa daga tafin ƙafarsa, ba ya tsayawa. Yatsun kuma a haɗe suke.

Dattijon ya ce, "Jiya ka zuba mana wuta a ruwa. Jikata tana wasa a ƙarƙashinka. Har yanzu hannunta bai miƙe ba."

"Wallahi ban sani ba, Baba."

"Na sani. Shi ya sa na zo da kaina, ban aiko uban yarinyar ba. Ɗauke wayar daga ƙasa."

Kawu ya ɗaga kai zai nemi hanyar gudu. Gaɓa ta yi nisa, sai ɗan baƙi-baƙin itatuwa. Turken da ya kafa yana yawo kusa da jirgin, igiyar na ɗaure a jikinsa. Ruwan ƙafar dattijon kuwa ya rufe wa Kawu idon sawu, yana hawa wajen batir.

"In ya taɓa akwatin wutar nan kafin ka gama, tare za mu sauka," in ji dattijon.

Kawu ya cire kan batir. Ya warware mahaɗin farko, ya goge shi da rigarsa, ya sake murɗawa, ya naɗe da salatif ninki uku. Ya zura wayar cikin bututun roba. Ya ɗaga ta can sama, ƙarƙashin leɓen jirgin, yana kama ta da kilif, taƙi ɗaya ƙusa ɗaya. Guduma ta sami ɗan yatsansa, bai ko ji ba.

Ruwa ya kai ƙwauri.

Bututun ya zame masa, sai wani hannu mai sanyi ya riƙe masa shi. Babu farce a hannun. Kawu bai kalli fuskar ba. Yana buga ƙusa yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Ƙusa ta ƙarshe ta shiga, saura yatsa biyu ruwa ya taɓa batir. Ya ɗaga shi ya ɗora kan katakon zama, ya ɗaure da igiya.

"Kunna."

Fitilun biyu suka kama. Sai a lokacin ya lura bai mayar da kan batir ba. Bakin wayar na hannunsa.

"Ruwan sama ba zai kashe maka su ba," in ji muryar. "Amma in ka zo bisa gidanmu, sai ka wuce a duhu."

Ya waiga, ba kowa. Jirgin na gaɓa, cikinsa a bushe, mutane na dawowa daga masallaci.

Kwana tara ya yi yana zazzaɓi. Har yau fitilunsa ba su taɓa mutuwa a hadari ba, amma da ya kai daidai lungun nan sai su ɗauke da kansu. Yakan daɗe kafin ya fita daga wajen, kuma yakan ji ana shafa ƙasan jirgin a hankali, daga kai har gindi.

Don haka duk wanda ya je Yawuri a cikinku, kar ya kuskura ya bi bayan tashar jirage shi kaɗai, balle da rana tsaka. In kuwa aka yi muku sallama a bakin ruwa, ku fara duba ƙafar mai ita kafin ku amsa.